Darasi na 9: Korona da Shanyewar Ɓarin Jiki

Yawancinmu ciwon ƙirji muka ɗauki korona: zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi, sai mutum ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ta shigo Najeriya ta Legas a Fabrairun 2020, ta shiga Nijar a Maris, ta iso Kano a Afrilu. Ba a je ko'ina ba likitoci suka lura ɓarnarta ba ta tsaya a huhu ba. Tana taɓa jini da jijiyoyin da yake bi, daga nan kuma takan kai ga ƙwaƙwalwa.

Daga ina shanyewar take tasowa?

Duk da a hannu da ƙafa ake ganin ciwon, tushensa yana cikin kai. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abinci. Da jinin da ke zuwa mata take rayuwa, dare da rana. Mai noman rani ya san wannan: idan laka ta toshe hanyar ruwa, shukar da ke gaba ce za ta yanƙwane, ko da rafin cike yake. Haka gudan jini yake toshe jijiya, sai sashen ƙwaƙwalwar da ke gabanta ya fara mutuwa cikin mintuna. Wani lokacin kuma jijiyar ce take fashewa, jini ya malala cikin kai. Toshewa ta fi yawa, kuma ita ce aka fi gani a masu korona. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya jikin dama, na dama kuma jikin hagu. Shi ya sa ɓari guda yake mutuwa, ɗayan yana lafiya lau.

Ina ruwan korona?

Idan ƙwayar cutar ta shiga, jiki yakan tashi ya yaƙe ta. Wani lokaci yaƙin yakan wuce kima, cikin jijiyoyi ya kumbura ya daina santsi, jinin ya riƙa saurin daskarewa. Ga zazzaɓi yana ƙarar da ruwan jiki, ga majinyaci kwance kwana da kwanaki ba motsi. A wasu ma zuciya takan rikice, bugunta ya daina tafiya daidai, gudan jini ya taru a cikinta, ya ɓalle ya haura kai.

A Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai da ke birnin New York a Amurka suka ba da labarin da ya tayar wa mutane hankali. Cikin mako 2 kacal an kawo musu mutum 5 masu korona da babbar jijiyar kai ta toshe musu, kuma ba wanda ya kai shekara 50. Wasunsu ma koronar ba ta kwantar da su ba. Wani bincike a wannan birnin ya gano cewa cikin masu korona 1,000 da suka je asibiti, kimanin 16 sun sami toshewar jijiyar kai, alhali a masu mura mai tsanani 2 ne kawai. A 2022 kuma aka fitar da sakamakon bin diddigin tsofaffin sojojin Amurka sama da 150,000 da suka yi cutar. Cikin shekara guda bayan kamuwa, an sami ƙarin mutum kamar 4 a kowane 1,000 da suka shanye, idan aka kwatanta da waɗanda ba su kamu ba.

A dubi lissafin da kyau, kada a firgita. Idan 16 suka shanye, 984 ba su shanye ba. Haɗarin ya fi yawa a makonnin farko, kuma ya fi faɗawa kan wanda cutar ta kwantar sosai, da dattijai, da masu hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ƙiba ko shan taba. A ƙasarmu kuwa, tun kafin a ji sunan korona, wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Korona ta zo ta tarar da shi ne. Da yawanmu muna yawo da shi ba mu sani ba, don ba ya ciwo.

Ranar da abin ya faru

A ce maigida ya yi zazzaɓi da tari, ya warware mako 2 da suka wuce. Yau yana alwalar la'asar sai buta ta suɓuce masa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya?" Ya buɗe baki, maganar ta fito a cakuɗe, yawu na zuba ta gefe guda.

A nan ake asarar mutane. Wani zai ce iska ce ta buge shi, wani ya ce a kira mai tofi, wani ya ce a bari zuwa safe a gani. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. Abin da uwargida za ta yi bai fi minti ɗaya ba. Ta ce, "Malam, yi murmushi," ta duba ko baki ya karkace. Ta ce, "Ɗaga hannuwanka biyu," ta ga ko ɗaya na zamewa ƙasa. Ta ce, "Faɗa min sunayen yaranka," ta ji ko harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya aka gani cikin ukun, ya isa. Haka kuma idan ido ya rufe farat ɗaya, ko jiri ya kayar da mutum, ko kai ya sara irin saran da bai taɓa ji ba.

A duba agogo a riƙe lokacin, don shi likita zai fara tambaya. Akwai allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna. Ba kowane asibiti ke da na'urar hoton ba, saboda haka a nufi babban asibiti kai tsaye, kada a tsaya kemis. Ko ba a sami allurar ba, zuwa da wuri yana ceton rai.

Kada a ɗura masa ruwa, koko ko rubutu. Maƙogwaron mai shanyewa yakan kasa haɗiya, abin ya bi ta huhu. Kada a ba shi asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe, zubar jinin zai ƙaru. A kwantar da shi a gefe, a sassauta masa riga. Idan kuwa alamun suka ɓace bayan 'yan mintuna ya miƙe garau, a tafi duk da haka. Sau da yawa babbar shanyewar tana tafe.

Kafin a kai ga haka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan. Riga-kafi yana rage tsananin cutar. Wanda yake jinya a gida ya yawaita shan ruwa, ya riƙa tashi yana zagaya tsakar gida, kada ya ajiye maganin hawan jini ko na suga wai don ba ya cin abinci sai ya tambayi ma'aikacin lafiya. Bayan an warke a je awon jini. Idan lambobin suna kai 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, hawan jini ne. A rage gishiri da ɗunƙulen miya.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: ƙwaƙwalwa, jijiya, ɓari, daskarewa. Sannan ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya ya yi masa gwajin nan uku. Kafin darasi na gaba, kowa ya je a auna jininsa, ya rubuto lambobin biyu, ya kuma tambayo wane asibiti ne mafi kusa da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.