Yadda Za Ka Kula da Hantarka Idan Kitsen Hanta Yana Bin Danginku

Idan likita ya taɓa shaida wa mahaifinka ko ɗan'uwanka cewa kitse ya taru masa a hanta, abu na farko shi ne ka fahimci yadda gado yake sauya tafiyar maiƙo a jiki. Hanta mashiga ce: tana karɓar maiƙo, ta sarrafa shi, ta tura shi cikin jini zuwa inda ake buƙatarsa. A shekarar 2008 masu bincike a birnin Dalas na Amurka suka gano cewa masu wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3 sun fi tara kitse a hanta; daga baya aka gane cewa sauyin yana kawo cikas wajen narkar da ɗigon kitsen da ke cikin hanta, sai ya yi ta taruwa. A 2014 kuma aka gano sauyi a wata ƙwayar gado mai suna TM6SF2, wanda yake rage kitsen da hanta ke fitarwa. Mai irin wannan gado yana iya karɓar takardar gwajin jini, ya ga maiƙon jininsa daidai, ya koma gida hankali kwance, alhali kitsen da bai fito ba yana can maƙale a hanta.

Saboda haka kada ka tsaya ga gwajin maiƙon jini kaɗai, kada kuma ka dogara da cewa kai siriri ne. Ka nemi a ɗauki hoton cikinka, a auna ALT da AST (sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta ji rauni) da ƙwayoyin daskarar da jini, sannan likita ya haɗa su da shekarunka ya fitar da lissafin FIB-4, wanda ke kimanta tabon hanta; idan ya gaza 1.3, da wuya a ce hanta ta yi mummunan tabo. A haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, domin ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma haɗuwarsa da kitse ƙarin wahala ce. Gwajin ƙwayar gadon kanta, a ganina, ba abin gaggawa ba ne, tun da sakamakonsa ba zai sauya shawarar likita sosai ba.

Inda kake da iko shi ne ƙiba, domin illar PNPLA3 tana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin jiki. Ka riƙa auna ƙugunka daidai cibiya, saboda teɓa ta fi faɗin gaskiya bisa ma'aunin nauyi. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyi yana sauke kitsen hanta, kashi 7 zuwa 10 kuwa yana kwantar da kumburi. Ka fara da sukari, musamman lemon kwalba da shayin da ake zuba wa cokali uku ko huɗu, domin hanta tana mayar da wani ɓangare na wannan zaƙi kitse. Ka rage malmalar tuwo, ka ƙara ganye da wake, ka yi tafiyar sauri ta minti 30 aƙalla kwana biyar a mako. Ka guji barasa da jiƙe-jiƙen da ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba.