Kurakuran mazauna jirgin filafilai idan mahaukaciyar guguwa ta doso

Wanda jirgi ne gidansa, yana tsaye a kan anka (ƙarfen da ake jefawa ƙasan teku ya riƙe jirgi) cikin wani lungun teku, kuskurensa na farko jira ne. A Atlantika lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma abin ya fi tsanani a Satumba. Cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Mayami tana fitar da sanarwar shiri awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, gargaɗi kuma awa 36. Mai jiran wannan sanarwa ya makara, domin a lokacin wuraren fakewa masu kyau sun cika. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka zaɓi mafakarka tun farkon lokacin, ka je ka auna zurfinta, ka gwada ko ƙasanta laka ce ko yashi ko ciyawa.

Wasu kuma taswirar hasashe ke ruɗinsu. Zanen nan mai kama da mazurari hanyar da tsakiyar guguwa za ta iya bi kawai yake nunawa, iskar kuwa tana kaiwa nesa da gefensa. Haka nan cewa "nan ba ta zuwa" ba hujja ba ce. An daɗe ana ganin ƙasar Giranada da ke yankin Karibiyan ta yi kudu da hanyar guguwa, sai ga guguwar Ivan ta afka mata a Satumbar 2004.

Sai ƙyashin sauke kaya. Mutum ya naɗe filafilin gaba a jikin wayarsa, ya ƙara ɗauri biyu, ya ce ya isa. Bai isa ba. Iska za ta samu bakin ƙyallen ta warware shi, ya yi ta kaɗawa har ya fizge anka ko ya karya jigon jirgi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa, kuma matakin farko na mahaukaciyar guguwa daga kilomita 119 a awa yake farawa. Don haka a sauke filafilai duka a kai ciki, da rumfa, da faifan sola, da jarkoki. Ƙaramin kwale-kwalen ma a fitar da shi tudu a ɗaure.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne sarƙa da igiyar anka. A irin wannan rana ana son tsawon abin da aka saki ya kai ninki 10 na nisan da ke tsakanin goshin jirgi da ƙasan teku. Mutane da yawa da zurfin yau suke lissafi, su manta guguwa tana tunkuɗo ruwa ya tumbatsa. Zurfi mita 4, goshi mita 1 sama da ruwa, ka ƙara mita 3 na tumbatsa: mita 8 ke nan, sarƙa da igiya mita 80. Wanda ya saki 50 zai ga jirginsa yana ɗaga anka daga laka daidai lokacin da ya fi bukatarta. Sarƙa zalla kuma ba ta da sassauci, in ta miƙe kowane fizga kan ƙarfen goshi yake ƙarewa. A haɗa mata doguwar igiyar nailan mai miƙewa ta riƙa shanye bugun.

Ita ma igiyar ba a tsakiya take tsinkewa ba, a inda take gogar bakin jirgi ne. Tana miƙewa tana komawa, wurin ya ɗau zafi, zaren ya narke. In ka duba guntun daga baya za ka ga bakinsa ya dunƙule ya yi tauri. A sa mata riga ta tsohuwar mesar 'yan kwana-kwana ko ƙyalle mai kauri wanda ruwa ke ratsawa, a ɗaure rigar kada ta zame. Mesar roba tana riƙe zafi, ba na ba da shawararta.

Kada kuma ka kafa anka don iskar gefe ɗaya. In idon guguwa ya ratsa ta kanka, za a yi tsit na ɗan lokaci, sannan iska ta dawo ta ɗaya ɓangaren. Ka bar filin juyawa, ka kuma dubi maƙwabta, don jirgin da mai shi ya watsar shi ne zai faɗo maka. Paraquita Bay ta tsibirin Tortola a yankin Karibiyan mafaka ce sananniya, amma guguwar Irma ta 2017 ta tara jirage kan juna a can.

Mafi muni shi ne kwana a ciki don "gadin jirgi". Na san zafin barin wurin da duk abin da ka mallaka yake, amma a wannan iska ba ka iya tsayawa a goshi, feshin ruwa ba ya barinka buɗe ido, masu ceto kuma ba sa fitowa. Ka cika batir don famfon kwashe ruwa, ka rufe duk bututun da ya huda jikin jirgi ban da magudanar wurin tuƙi, ka kashe gas, ka ɗauki hotuna saboda inshora. Fasfo da takardun jirgi da magani su shiga jaka mai hana ruwa, ka sauka tudu tun ƙaramin kwale-kwale yana iya kai ka gaɓa.