Babi na Shida: Rubuta Ciniki da Bashi a Manhajar Lissafi ta Waya

Wannan babin na masu sana'a ne a Legas: mai tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, mai raguna a Alaba Rago, mai shayi a Obalende, mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege, da uwargida mai sayar da atamfa daga ɗakinta a Idi-Araba. Tun farkon 2023, da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan an sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS. Kuɗinka yanzu a wuri uku suke: aljihu, banki, da hannun waɗanda ka ba bashi. Ƙwaƙwalwa ba za ta iya riƙe wannan duka ba.

Manhajoji suna da yawa, akwai QuickBooks, Zoho Books, Bumpa da sauransu. Wasu ana biyan kuɗin wata. Kamanninsu sun bambanta, amma aikin da za mu koya a nan kusan ɗaya ne a cikinsu. Ka zaɓi mai sauƙi.

Darasi na 1: Shiga ciki

Ka kunna data. Ka nemi hoton manhajar a fuskar waya, ka taɓa shi sau ɗaya, ka ɗage yatsa. Kada ka danne. Za ta nemi lambar sirri. Ka rubuta lambar a littafin da kake ajiyewa a gida, ba a bayan waya ba. Idan ta yi jinkirin buɗewa, sabis ne, ba kai ka ɓata ta ba. Ka jira.

Darasi na 2: Ciniki hannu da hannu

Ka nemi wurin da aka rubuta Sale, wato ciniki. Ka haddace siffar kalmar kamar yadda ka haddace sunanka. Ka taɓa. Ka sa sunan kaya, sannan kuɗi. Ka ƙirga sifili da yatsa: dubu huɗu sifili uku ne, 4,000. Dubu arba'in sifili huɗu ne, 40,000. Daga nan ka zaɓi yadda aka biya, tsaba ko tiransifa. Idan tiransifa ce, kada ka yarda da saƙon da aka nuna maka a wayar mai saye, domin akwai alat na bogi. Ka duba asusunka da idonka. A ƙarshe ka taɓa Save, wato adanawa. In ba ka taɓa ba, ba ka rubuta komai ba.

Darasi na 3: Bashi

A nan ɗalibai suke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Mu bi a hankali.

Mu ce wata mai abinci ta ɗauki kwandon tumatir na naira 40,000 a wurinka. Ta tura maka 15,000, ta ce sauran sai Juma'a. Nawa ya shigo hannunka? 15,000. Nawa ya rage a wurinta? 25,000. Wannan 25,000 ɗin ba ya aljihunka, ba ya bankinka. Bashi ne.

Ka taɓa Sale, ka sa 40,000 a matsayin kuɗin kaya. A gurbin abin da aka biya ka sa 15,000 kawai. Sannan ka sa sunanta da lambar wayarta. Manhajar za ta nuna 25,000 a gaban sunanta. Ka taɓa Save.

Mu sake. Kuɗin kaya, 40,000. Abin da aka biya, 15,000. Suna. Save.

Yawancinku kuna sa 40,000 a gurbin abin da aka biya saboda kun amince da matar. Amana daban, biya daban. Idan ka rubuta ta biya duka, waya za ta yarda da kai, ba ta san komai ba sai abin da ka gaya mata. Da dare za ta ce kana da 40,000, ka duba ka tarar da 15,000, ka fara zargin yaron shagonka, alhali yaron bai taɓa ko sisi ba. Ka ɗauki alhakinsa a banza.

Ranar Juma'a ta kawo 25,000. Kada ka taɓa Sale. Na ce kada ka taɓa Sale. Ba sabon kwando ka sayar ba. Ka nemi sunanta a jerin masu bashi, ka taɓa sunan, ka sa 25,000 a matsayin biya. Gaban sunanta zai koma sifili. In ka rubuta shi a matsayin sabon ciniki, kwando ɗaya ya zama 65,000 a lissafi, kuma waya za ta ci gaba da nuna kana bin matar kuɗin da ta riga ta biya.

Haba jama'a! Manya da ku, masu iya ƙiyasta motar albasa da ido kafin a sauke, amma a ba ku aikin gida ku dawo da "Malam, yarona ne yake yi mini." Ranar da yaron ya tafi gida Sallah fa? Kuma ku daina rubuta "mai abinci" kawai. Masu abinci nawa ne a Ketu? Suna da lamba. Alhaji, Hajiya, ku yi haƙuri da faɗana, dukiyarku nake tausayi. Allah da kansa ya yi umarni a rubuta bashi, a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara.

Sau ɗaya kuma: kuɗin kaya, abin da aka biya, suna, Save. In an kawo ragowa, sunan mutum za ka nema.

Darasi na 4: Kuɗin da suka fita

Kuɗin dako, kuɗin mota, tikitin kasuwa, leda, abincin rana. Ka sa su a Expense, kamar yadda ka yi a darasi na 2. Abin da ka aika gida ma ka rubuta.

Darasi na 5: Duba riba

Ƙarshen mako ka buɗe Report ka duba.

Aikin gida: ka rubuta bashi uku na gaske daga cinikinka, ka zo da wayar da caji.