Yadda ake haɗa bututun babban akwatin kifi ba tare da ruwa ya malale a falo ba

Yawancin sababbin masu kiwon kifin ado a Kano suna gwada haɗinsu ne lokacin da akwai wuta. Famfo na aiki, ruwa na zagayawa, sai a sallami mai haɗi. Cikin dare a ɗauke wuta, da asuba a tarar tankin ƙasa ya tumbatsa, kafet ya jiƙe sharkaf. A garinmu da wuta ke zuwa tana tafiya, duk haɗin da ba a gwada shi famfo a kashe ba, to da sauran aiki.

Tsarin dai sananne ne: ruwa na gangarowa daga akwatin gilashi zuwa tankin ƙasa inda soso da duwatsun tacewa suke, famfo kuma ya mayar da shi sama.

Fara da bututun saukowa. Ka sa guda biyu, ban yarda da ɗaya ba. Na farko shi ke aiki kullum, na biyu bakinsa ya ɗan fi tsayi, yana zaune a bushe har ranar da ganye ko mataccen kifi ya toshe na farko. Kowannensu ya fi bututun hawa faɗi; idan na hawa inci ɗaya ne, na saukowa ya zama inci ɗaya da rabi. Kuɗin ƙarin bututu da elbo a Kofar Ruwa bai kai kuɗin wankin kafet ba. Kafin a huda gilashi kuma ka tambayi mai yankansa ko irin gasasshen nan ne, domin shi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Da zarar famfo ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya fara zuƙo ruwan akwati zuwa ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Ba zai daina ba sai bakinsa ya sha iska. Ɗauki akwati mai tsawon santimita 150 da faɗin 60: kowace santimita ɗaya ta zurfi lita 9 ce. Idan ka nutsa bakin bututun santimita 20 don kada ya ɓata kwalliya, lita 180 ke nan za ta sauko. Wane tankin ƙasa ne zai ɗauke ta?

Saboda haka bakin ya tsaya kusa da saman ruwa, santimita 3 zuwa 4 kawai. Sannan ka huda ƙaramar ƙofa, kamar milimita 3, a jikin bututun, dab da ƙarƙashin saman ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙon. Huda biyu ma ya fi, saboda gansakuka na toshe su. Duk mako ka zura tsinken sakace. Wasu na dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya. Ni ba na ba da shawararsa shi kaɗai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka buƙace shi.

Da wannan lissafin, lita 36 za ta sauko, ga wanda ke cikin bututu. Ka bar sarari na lita 50 a tankin ƙasa, fanko, kullum.

Famfo kuma kada ka sayi wanda ya fi ƙarfin magudanarka. Ya juya ruwan akwatin sau 3 zuwa 5 a awa ya wadatar. Adadin da aka rubuta a kwali na lokacin da ruwa ba ya hawa sama ne, yana raguwa idan ruwa zai hau mita ɗaya da rabi. Bawul na rage gudu a bakin fitar famfo ake sa shi, ba a mashigarsa ba. Ɗakin famfo, wato sashen tankin ƙasa da famfo ke zaune a ciki, ya zama ƙarami, ta yadda ko magudanai biyun sun toshe, abin da zai tura sama ba zai cika akwati ya zubo ba.

Ka shafa gam a mahaɗar bututun, ka bar shi ya kwana ya yini, ka cika ruwa. Kunna famfo, jira ruwa ya daidaita, sai ka zare soket da hannunka ka tsaya kana kallo har zubar ta tsaya cak. Mayar da wuta ka ga ko ya tashi da kansa. Toshe magudanar farko da tafin hannu ka ga ta biyu ta karɓa.

Idan komai ya yi, ja layi da alƙalamin maka a tankin ƙasa yayin da famfo ke aiki. A zafin Afrilu da lokacin hunturu ruwa na ƙafewa da sauri, kuma a ɗakin famfo ake ganin raguwar. Yaran gida su kan ga ya yi ƙasa su juye bokiti har baki, su cinye sararin da ka bari. Nuna wa kowa layin nan, kuma soket ya kasance a bango sama da tankin, ba a ƙasa ba.