In an rubuta maka gashi (radiotherapy, wato ƙona ciwo da hasken na'ura) kan kansar igiyar murya

Jama'a, muryar da ta dishe sati 3 ba sauƙi, a daina cewa sanyin Gombe ne, a ga likitan makogwaro a FTH (Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe). Kawuna haka ya yi ta shan zuma da citta, ashe kansa ce, Allah ya taimaka aka gano da wuri. A matakin farko wajen mutum 9 cikin 10 gashi na kashe musu ciwon, muryar ma ta tsira.

Gashin kusan sati 6 ne, Litinin zuwa Juma'a, mintuna kaɗan, don Allah kar ka tsallake rana ko da makogwaron na zafi, ka koma kunu da koko mai ɗumi-ɗumi, banda yaji, ruwa da yawa. Sigari kam a jefar, tana rage aikin gashin. Muryar za ta ƙara dishewa tukuna, sai bayan makonni ta fara dawowa.