Yadda nas za ta tsaya wa dangi idan mara lafiyarsu yana gargara a ɗakin aisiyu

Wannan rubutun don ƙannena ne sabbin nas-nas da aka turo ɗakin kulawa ta musamman, wanda muke ce wa aisiyu. Ba zan tsaya koya muku karanta monita, allon nan da ke nuna bugun zuciya, ko juya mara lafiya ba, wannan kun yi shi a makaranta, wadda ba ta iya ba kuma matiron za ta gyara mata zama. Inda na ga kuna faɗuwa shi ne wajen mutanen nan da ke zaune kan tabarma a baranda, lokacin da duk wanda ke cikin ɗaki ya san mai gadon nan ba tashi zai yi ba, su kaɗai ne ba su sani ba. Zan riƙa cewa "ki" don mu mata mun fi yawa, maza ku ɗauka har da ku nake.

Tun ranar da aka kwantar da mara lafiya ki san waye waye a danginsa. Wanda ke zaro kuɗi ba lallai shi ne mai faɗa a ji ba, sau da yawa akwai wani kawu ko yaya da ba ya magana amma sai abin da ya ce. Ki karɓi lambar mutum 2, ki rubuta a fayil, kuma ki kira a gabansu ki ji ta shiga, don lambar da take a kashe ƙarfe 3 na dare ba lamba ba ce. In mai mata biyu ne, duk abin da kika gaya wa uwargida ki gaya wa amarya, da bakinki, kar ki aiki ɗaya wajen ɗaya.

To yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Za ki fito ɗauko wani abu, tsohuwa ta tare ki a bakin ƙofa ta ce "Sista ya jikin nasa?" Bakinki da kansa zai ce "da sauƙi", don haka aka tarbiyyantar da mu, ko mutum yana kan gargara in aka gaishe shi da jiki da sauƙi ake cewa. A gida wannan gaisuwa ce, kowa ya san ba labari ba ne. Amma in kina sanye da farin kaya kika fito daga wannan ƙofar, tsohuwar nan ba gaisuwa ta ji ba, sakamako ta ji.

Ni na yi wannan kuskuren a farkon aikina, ina dutin dare. Wani saurayi ne da aka kawo bayan haɗarin babur, uwarsa ta kwana 4 a baranda ba ta ko miƙe ƙafa sosai ba. Da magariba ta tambaye ni, na dubi idonta da ya faɗa, tausayi ya kama ni na ce Mama da sauƙi, ki je gida ki huta gobe kya dawo. Alhali na san tun la'asar ake ta ƙara masa maganin da ke riƙe jininsa kar ya faɗi, kuma fitsarin da ke cikin jaka bai fi cikin cokali ba. Ta yi min addu'a ta tafi. Kafin asuba rai ya yi halinsa. Gari na wayewa sai ga ta da filas ɗin kunu da sabon tawul, tana murmushi tana gaishe da masu shara. Ba ta zage ni ba wallahi, da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi "'yar nan ai da kin bar ni na zauna." Har yau in na ga irin filas ɗin nan mai jan murfi sai gabana ya faɗi.

Saboda haka a ɗakina "da sauƙi" haramun ce ga mara lafiyan da ke komawa baya. Bayanin ciwo aikin likita ne, ki matsa masa ya zauna da su, ba a tsaye a kan hanya ba, kuma ke ma ki kasance a wurin don yana juya baya ke za su kalla su ce "Sista me ya ce?" Abin da nake faɗa kusan kullum ɗaya ne: Baba, jikin ya yi tsanani, magungunan ba sa riƙe shi kamar jiya, rai a hannun Allah yake, amma in akwai wanda ya kamata ya gan shi a kira shi yau, kar a bari sai gobe. Duk Bahaushe ya gane wannan maganar. Kina faɗa ki yi shiru. Sabbi shirun ne ba sa iya jurewa, sai su fara cike shi da "amma dai ba a sani ba, wani ma ya fi shi muni ya tashi", su rushe abin da suka gina. Kuma kar ki yanka musu lokaci, na ga wanda muka ce ba zai kai dare ba ya ƙara kwana 3.

Wani abu a gefe, batun kuɗi. Gadon aisiyu yana cinye gona, kowa ya sani. In kin ga alamun ƙarshe sun zo, kar ki miƙa wa ɗansa takardar magani ya fita yawon kemis-kemis cikin dare, ya dawo da leda a hannu ya tarar an ja zani. Ki koma wajen likita ki tambaye shi a fili ko maganin nan zai canza wani abu. In dole ne a saya, a aiki wani na nesa, ɗa ya zauna kusa da ubansa.

Sai shigo da su. Ki nemi izinin babbar da ke duti a sassauta dokar ziyara, su riƙa shiga bibbiyu, su wanke hannu. Amma kafin nan ki gyara shi, ki goge bakin, ki canza filastar da ta jiƙe, ki rufe jakar fitsari da gefen zani, ki ja labule. A bakin ƙofa ki gaya musu abin da za su gani, roba a baki, kumburin hannu, ƙafa ta yi sanyi, don kar uwa ta shiga ta yanke jiki ta faɗi. Ki ce su riƙe hannunsa su yi masa magana, mu ɗauka muke yana ji har ƙarshe, shi ya sa ma ba na yarda a yi hirar biki a kansa.

Za su zo da zamzam ko ruwan addu'a, kar ki hana da tsawa. Ɗurawa a baki ce ba za a yi ba, don ba ya iya haɗiya, cikin huhu ruwan zai tafi. Ki ba su auduga mai tsabta su jiƙa su shafa masa a leɓe da goshi, kowa ya samu abin da yake so. Laƙƙana kalmar shahada kuwa umarnin Annabi (SAW) ne, yana cikin Sahihu Muslim, sai dai ki tuna musu mai roba a maƙogwaro ba zai iya maimaitawa ba, a faɗa a hankali kusa da kunnensa ya wadatar, ba sai an girgiza shi ana "ka ce, ka ce" ba. In Kirista ne ki tambaya ko a kira fasto, tambaya za ki yi, kar ki yanke hukunci daga suna.

Injin numfashi ma ki yi musu bayaninsa tun da wuri. Zuciya za ta iya tsayawa inji yana ci gaba da tura iska, ƙirji yana ɗagawa yana sauka. In ba ki faɗa ba tun farko, likita zai ce ya rasu, ƙaninsa ya nuna ƙirji ya ce ga shi yana numfashi, ana kashe injin kuma a ce ku kuka kashe shi, na ga an ci kwalar likita a kan wannan. Ki rage ƙarar monita ko ki juya fuskarta wajenki, in ba haka ba allo za su zuba wa ido su manta da mutum.

Likita ne zai tabbatar, a rubuta lokaci. Ki faɗi kalmar, Allah ya yi masa rasuwa, ban da kewaye-kewaye. Mai kuka ki bar ta ta yi, Annabi ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wadda ta yi tsit tana jan carbi kar ki ɗauka ba ta ji ba, wataƙila ɗan fari ne kunya ta hana ta, ita za ki fara kai wa kujera.

Sauran kun sani. A rufe ido, a ɗaure haɓa da bandeji, a miƙar da hannu da ƙafa kafin jiki ya sandare, namiji ya gyara namiji in da hali. A cire robobi, sai dai in maganar 'yan sanda ce, wannan kar ki taɓa sai an ba da izini. Ki bi takardun sallamar gawa da ƙafarki don suna so su yi sutura a ranar. Waya, zobe, carbi da ragowar maganin da suka saya ki ƙirga ki ba wanda sunansa ke fayil ya sa hannu. Sannan ki shiga ki wanke fuska ki sha ruwa, na gadon kusa yana jiran allurar ƙarfe 6.