Bas ta daina ja a hawa: kurakuran da ake yi wajen gano matsalar famfon mai

Tsohuwar Hiace ko Sienna da famfon manta ya fara gajiya ba ta cika mutuwa lokaci ɗaya ba. Da safe za ta tashi lafiya, ta yi silo (inji na aiki ba a taka totur ba) lafiya, ta bar tasha kamar ba komai. Sai an cika ta da fasinja da kaya, rana ta take, an kama tudu irin Hawan Kibo a hanyar Jos, sannan direba zai taka totur ya ji motar ta noƙe. Tana fizga, tana shaƙewa, idan ya sassauta ƙafa ta ɗan farfaɗo. Ya faka ta huta kaɗan, ta sake tashi garau. Dalilin ba boyayye ba ne: a silo inji ɗan mai kaɗan yake sha, ko gajiyayyen famfo zai iya ba shi. A hawa da lodi yana neman ninkin wannan sau da yawa, kuma a lokacin ne famfon ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu.

Daga nan kuskure mafi yawa yake farawa. Ana kai motar gareji, a tayar da ita a tsaye, a yi mata wuta sau biyu, makanike ya ce, "Alhaji, injin nan ƙalau yake." Gaskiya ya faɗa, domin a tsaye ƙalau ɗin yake. Ciwon da ba ya fitowa sai da lodi da zafi, da lodi da zafi ake nemansa. A ɗaura gejin awon ƙarfin mai a layin da ke shiga inji, a karanta a silo, a karanta lokacin da aka taka totur da sauri, sannan a fita da motar bayan ta yi zafi, wani na tuƙi wani na kallon geji. Yawancin motocin fetur masu injekta suna aiki ne a kusan bar 3, wato tsakanin psi 40 da 50 (bar da psi ma'aunan ƙarfin turin mai ne a jikin geji). Sienna mai injin 1MZ-FE, misali, psi 44 zuwa 50 ake nema, amma kowace mota a duba nata adadin. Idan allura ta tsaya daram a silo, ta zube daidai lokacin da motar ta noƙe, to mai ne ba ya isa. Idan motar ta noƙe allura ba ta motsa ba, a ƙyale famfo, ba shi da laifi.

Kada a cire gejin da zarar an kashe inji. A motocin Toyota da dama ana son ƙarfin ya tsaya sama da bar 1.5 har minti 5 bayan kashewa. Idan ya sauka nan take, ko dai bawul ɗin cikin famfo ba ya riƙewa, ko injekta na ɗiga, ko regileta, mai daidaita ƙarfin man, ta saki. Shi ya sa wasu motocin sai an daɗe ana ba su kiy kafin su kama.

Akwai gwajin da na fi ƙi a duk garejinmu: a zare tiyo, a murɗa makulli, fetur ya tsiyaya a roba, a ce "ai ga mai nan yana zuwa." Zuwan mai ta buɗaɗɗen tiyo bai nuna komai ba. Famfon da ya kusa mutuwa ma zai zubo mai idan babu abin da ya tare shi. Aikinsa na gaskiya shi ne ya tura man da ƙarfi alhali injekta na sha. Ga kuma haɗarin gobara, fetur na fallatsa kusa da batir da salansa mai zafi. A tsohuwar Hiace mai kafireta ne wannan gwajin yake da ɗan amfani, domin famfonta na jikin inji ne kuma ƙarfinsa bai kai rabin bar ba. A irinta, a shinshina sandar awon baƙin mai: idan tana warin fetur, fatar cikin famfon ta yage, fetur na gangarawa cikin inji.

Haka ma saurare da kunne. Wasu suna murɗa makulli, idan ba su ji kukan famfo daga tanki ba su yanke hukunci ya mutu. Tsofaffin Toyota da yawa ba sa kunna famfo da murɗa makulli kawai, sai inji na juyawa. An sha jefar da lafiyayyen famfo saboda rashin sanin wannan. Kukan da ya kamata ya dame ka shi ne mai ƙara, mai tsini, wanda ke ƙaruwa idan mota ta yi zafi ko mai ya yi ƙasa.

To a ce geji ya nuna ƙarfi na zubewa. Har yanzu da sauran aiki kafin a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen famfo, kuma nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Abu uku suna kawo wannan alamar sak: filta da ta toshe, ragar da ke bakin famfo a cikin tanki, da ƙarancin wuta. Filta ita ce mai sauƙi, a fara da ita. Idan aka juye ta aka ga jan ruwa ko tsatsa na fitowa, labarin tankin ke nan. Wuta kuwa ita aka fi mantawa. Famfon da aka yi don volt 12 zuwa 14, idan volt 10 ke isa gare shi, zai yi abin da tsohon famfo ke yi ko da jiya aka ciro shi daga kwali. A kira mai wayarin ya auna da mita a soket ɗin saman tanki, inji na aiki, ba a zare soket a auna shi a sake ba, domin waya mai tsatsa tana nuna cikakkiyar wuta muddin ba a ɗora mata aiki ba. Idan bambancin da ke tsakanin batir da bakin famfo ya wuce kamar rabin volt a wayar wuta ko ta as (wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota), a bi layin: rile (makunnin da ke sakar wa famfo wuta), fiyus, soket da ya narke ko ya yi baƙi, wayar as da ta saki. Duk motar da ta ci famfo biyu ko uku a jere, ni wayarinta nake fara zargi.

A motocin da ke da layin mayar da mai tanki, regileta ma tana iya sakin ƙarfi. Idan aka matse tiyon komawa na ɗan lokaci allura ta haura sosai, famfo na da ƙarfinsa, regileta ce ta gaza.

Wani lokacin kuma akasin haka ake yi, a ɗora wa famfo laifin wani. Idan ka taka totur inji ya yi ƙara, allurar gudun inji ta hau amma mota ba ta ƙara sauri ba, wannan kuloci ne ko giya. Katalis (matatar hayaƙi) da ya toshe a salansa yana kashe ƙarfi a hawa, amma gejin mai ba zai motsa ba. Fulogi ko koyil da suka lalace sukan sa inji rawa har a silo. Idan kuma ka buɗe murfin tanki ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, motar ta dawo daidai, hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Kwamfutar gwajin mota tana taimakawa, sai dai lambar P0171 da takan nuna cewa kawai take yi mai ya yi wa iska kaɗan. Tiyon iska da ya tsage ko na'urar awon iska mai datti ma suna kawo ta. Masu Hiace ta dizal, kamar mai injin 5L, lissafinsu daban ne, su fara da filta, ruwa a mai, da iskar da ke shiga layi.

Dukan ƙasan tanki da sanda yakan tayar da famfon da ya maƙale, ya kai ka gari na gaba. Iyakarsa ke nan. Ci gaba da lodi da motar da mai ba ya isarta yana ƙara wa inji zafi har ya ƙona bawul ko fistin, kuma mafi muni, tana iya noƙewa kana tsakiyar wuce tirela da mutum goma sha a bayanka.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, direbobi da yawa sun koma zuba na tafiya ɗaya, allura kullum a ja. Ba a ga laifinsu ba, amma famfon cikin tanki da fetur yake sanyaya jikinsa, kuma idan mai ya yi ƙasa yakan zuƙi iska a kwana da hawa. Wanda zai iya riƙe kwatan tanki ya riƙe. Man galan na 'yan bumburutu kuma, in ya zama dole, a tace shi kafin a zuba.

Idan ta tabbata famfo ne, a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar raga da sabuwar filta. Zura sabon famfo cikin tanki mai laka asarar kuɗi ce. A sayi wanda ya dace da injin, ba wanda ya shiga ramin kawai ba, kuma guntun tiyon da ke cikin tanki ya zama irin wanda ke jure zama cikin fetur. Kada a yarda a ja wa famfo waya kai tsaye daga makulli a tsallake rile: an tsara shi ya tsaya idan inji ya mutu, don kada ya ci gaba da feso mai idan an yi hatsari. A canza robar bakin tanki, a tayar da mota, a leƙa kowace mahaɗa a tabbatar ba ɗigo, sannan a sake ɗaura geji a fita da ita kafin a ɗauki fasinja.